Ƙofofin da Aka Yanke

Ranar da Tilo ta fara magana, uwarta tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon shinkafa a hannu, kuma ba da ita aka yi maganar ba.

Yarinyar ta haura shekara huɗu ba ta taɓa furta kalma ba. Kunnenta lafiya lau, likita ya duba ya sake dubawa. In an kira ta tana waiwayowa, in an ce ta ɗauko takalmi tana ɗaukowa, bakin ne kawai ya ƙi buɗuwa. Maman Tilo tela ce, kekenta a falo yake, saboda haka duk matar da ta kawo ɗinki sai ta bar mata guzurin tausayi da sunan wani magani kafin ta tafi. Ta sha tausayin nan har ya fara yi mata ɗaci a baki.

Sai ga ƙanwarta ta zo zama da su, don makarantar da ta ɗauke ta aikin koyar da ƙananan yara a ƙarshen layinsu take. Aka ba ta ɗakin da ke jikin kicin. Yaran ajinta Anti suke ce mata, sunan ya biyo ta gida ya zauna. Kayanta ba su da yawa, amma akwai wani kwali da ba ta yarda a ɗora masa komai, cike da littattafan hotuna. Wasu na saye ne, mafi yawa kuwa ita ta yi su da hannunta, da kwalin sabulu da gam da fensir mai launi. Nata duk tsarinsu ɗaya: kowane shafi da ɗan gida, kowane gida da ƙofar takarda da ake ɗagawa. Yaro zai ƙwanƙwasa da yatsa, Anti ta tambaya, "Wa ke ciki?", yaron ya buɗe ya faɗi abin da ya gani, ko akuya, ko kaza, ko tsoho da sanda. A kowane littafi kuma tana barin ƙofa ɗaya da ba ta zana komai a bayanta ba. In aka zo kanta sai ajin ya ɗauka baki ɗaya, "Ba kowa!", su yi ta dariya kamar ba su taɓa gani ba.

Da waɗannan littattafan take zama da Tilo a kan tabarma kullum in ta taso daga aiki. Maman Tilo ba ta hana ba, ba ta kuma sa rai ba. A ganinta dai an samu mai ɗauke mata yarinya daga gindin keke. Ran nan da yamma ta kawo musu abinci, ta tarar Tilo ta ɗaga wata ƙofa tana kallon abin da ke ciki, Anti kuwa ta yi tsit, ta naɗe hannu, kamar ba ta da wani aiki a duniya sai jira. Maman Tilo ta buɗe baki za ta ce abinci yana hucewa, sai wata 'yar murya siririya, a dashe, wadda ba ta taɓa ji ba, ta ce, "Kuya."

Kwanon bai faɗi ba, amma miya ta zube mata a zane. Ta yi kuka, Anti ta yi kuka, aka kira Baban Tilo a waya yana kan hanya da babbar motarsa, shi ma ya tsaya a gefen titi ya yi nasa. A ranar babu komai a zuciyar Maman Tilo sai godiya. Ya kamata a faɗi wannan, don kada a zalunce ta.

Kalmomi suka fara zuwa, duk daga bayan ƙofofin takarda. Kaza, mota, kifi, tsoho. Har "ba kowa" ta iya, tana faɗa tana ɗaga kafaɗa yadda ta ga Anti na yi. Maman Tilo tana kan keke tana kasa kunne, kalma ɗaya tak take jira. Ta zaɓe ta tun yarinyar tana ciki: Umma za ta riƙa ce mata. Amma sunan mutum na farko da ya fito daga bakin Tilo, wata rana da aka turo ƙofar gida bayan an tashi daga makaranta, shi ne "Anti".

Maman Tilo ta yi murmushi don akwai mutane a falon. Rigar da ke ƙarƙashin allura kuwa sai da ta farke ta daga baya, don layin ya karkace.

Washegari Anti na fita, Maman Tilo ta shiga ɗakinta ta ɗauko littafi ɗaya. In dai kwali ne da gam, ita ma ai tana da hannu da baki. Ta zaunar da Tilo, ta buɗe shafi, ta ɗaga ƙofar da kanta. "Mene ne wannan? Kaza ce. Ce kaza. Ce mana, ai kin iya." Tilo ta dubi kazar, ta dubi bakin uwarta. Uwar ta juya shafi, ta ɗaga wata ƙofar, ta faɗi sunan, ta nemi a maimaita. Kafin ruwan shayi ya tafasa sun gama littafin, kuma ita kaɗai ta yi magana.

Da Anti ta dawo ta ga littafin a kan kujera, ta gane abin da aka yi, ta ma ji daɗi. Cikin ladabi ta ce, "Yaya, ki riƙa barinta ta buɗe da kanta. In ta buɗe kuma kada ki faɗa mata. Ki jira kawai, ko da zai daɗe."

"Jira? Shekara huɗu ina jira, ke da kika zo jiya za ki koya mini jira?"

Anti ta ba da haƙuri, amma maganar ta riga ta sami wurin zama. Yarinyar da ta goya a bayanta, ta share wa majina, yau ita ke nuna mata yadda ake zama da 'yar da ta haifa.

Mutane kuma ba su taimaka ba. Masu kawo ɗinki da a da suke kawo tausayi, yanzu yabo suke kawowa, kuma ba nata ba ne. Wata mai faɗin baki, ana cikin gwada mata riga, ta ce ai wannan ƙanwar taki hannunta da albarka yake, da tun farko ita aka ba wa renon da tuni yarinya tana waƙa. Baban Tilo ya dawo daga tafiya ya kawo wa Anti fakitin fensir mai launi, matarsa kuwa ya kawo mata man keke. Ita ce ta ce ya sayo man, amma a ranar ta manta da haka.

Da Anti ta roƙi a bar Tilo ta riƙa bin ta aji, uban ya amsa tun kafin uwar ta buɗe baki. Haka aka fara: da safe yarinya ta riƙe yatsan Anti su fita, da rana ta dawo da gam a hannu da wata sabuwar kalma. Gidan ya yi shiru da hantsi, Maman Tilo ta sami lokacin ɗinki da ta daɗe tana nema, kuma ba ta taɓa jin haushin kekenta kamar a kwanakin ba.

Ƙarshen zango makarantar ta gayyaci iyaye su zo su ga abin da yara ke yi. Maman Tilo ta ɗinka wa kanta sabuwar riga ta je. Aka zaunar da iyaye a bayan aji a kan kujerun yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Bangon ajin duk ƙofofi ne da yaran suka zana suka manna, kowa da abin da ya ɓoye a bayan tasa. A gaba kuma Anti ta kafa wani ƙaton kwalin firji, ta yanka masa ƙofa mai buɗuwa. Yaro ɗaya zai shiga ya sa fuskar dabba ta kwali, wani ya zo ya ƙwanƙwasa, aji ya tambaya wa ke ciki, shi kuma ya buɗe ya faɗa.

Da aka zo kan Tilo ta tashi a hankali, ta ƙwanƙwasa, ta ja ƙofar. Ajin ya yi tsit, don Anti ta koya wa yaran nan duka jira. Can yarinyar ta ce, "Kyanwa." Iyaye suka ɗauki tafi, don labarinta ya zaga unguwa. Tafin ya tsorata ta, ta ruga da gudu, ta wuce layin kujerun iyaye ba ta ko duba ba, ta cusa kai a cikin zanen Anti. Matar da ke kusa da Maman Tilo ta sunkuyo ta ce, "Allah sarki, 'yar malamar ce ko? Ai ga kama nan."

Kafin a tashi Anti ta lallaɓo bayan aji ta durƙusa kusa da yayarta, fuskarta duk fara'a. "Yaya, zo ki shiga kwalin. Ba sai kin sa komai a fuska ba. Za ta buɗe ta gan ki. Muna ta gwada sunanki da ita, wallahi ta kusa."

Maman Tilo ta dube ta sama da ƙasa. "Ni akuya ce ko kyanwa? Sai an saka ni a kwali 'yata za ta san ni?"

Abin da ta faɗa ke nan. Abin da ba ta faɗa ba shi ne tsoro: kada ta shiga, a buɗe, yarinya ta dube ta a gaban matan unguwa ta yi shiru. Da kuma wani abin da ya fi tsoron ciwo, wato ko da yarinyar ta faɗa, kowa zai san wa ya koya mata. Ta fi son kada a kira ta Umma sam, da a kira ta da bakin da ƙanwarta ta buɗe. Kishi ne, tsagwaronsa, ko da yake har yau ba ta taɓa kiransa da sunansa ba.

Da aka koma makaranta Tilo ba ta koma ba. Tari yana yawo a cikin yara, in ji uwarta, kuma ranar nan ta yi wa yarinya yawa, kuma ma shekarunta ba su kai ba, a bari sai baɗi. Dalili uku ta kawo, don ta san ko ɗaya ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba. Da safe Tilo ta sa takalmanta a juye ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da yatsan Anti, sai da aka ɓamɓare ta. Ba ta yi ihu ba, ba ta iya ba. Ta zauna a ƙasa da takalman a ƙafa har azahar.

Saura zaman yamma a kan tabarma. Shi ma Maman Tilo tana jin sa a jikinta, daga falo tana jiyo ƙwanƙwasar ɗan yatsa a kan kwali, da shirun nan mai tsawo, da 'yar muryar da ke biyo baya. Wata rana da hantsi ta gama yankan wani yadi, almakashi yana hannunta, ta tsinci kanta a ɗakin Anti a gaban kwalin littattafai. Ta ce wa kanta ƙofofin nan sun fara yagewa, yarinya za ta iya sa su a baki ta shaƙe. Ta ce wa kanta kuma, mene ne amfanin ɓoye wa yaro abu in ana so ya koya? A bar hoto a fili, kowa ya gani, kowa ya iya koyarwa. Hannun tela ne, bai karkace ko sau ɗaya ba. Littafi bayan littafi ta bi, ta yanke ƙofofin tas a kan layinsu, ta share su ta zuba a buhun ƙyallaye, ta mayar da littattafan yadda ta same su.

Da yamma Tilo ta jawo littafin akuya ta buɗe. Ga gida, ga akuya tsaye a fili tana kallonta. Ta ɗaga yatsa za ta ƙwanƙwasa, ta rasa inda za ta ƙwanƙwasa. Ta shafa gefen da ƙofar take, ta juya shafi, ta sake juyawa, har ƙarshe. Anti ta tambaye ta wa ke ciki. Yarinyar ba ta amsa ba. Me za ta faɗa, abin da kowa yake gani?

Anti ta fito falo da littafin a hannu. "Yaya, me suka yi miki?"

"Gyara na yi. Ko 'yata ba ni da ikon kare ta daga haɗiyar takarda?"

"Da su nake koyarwa a aji, Yaya. Da su take magana."

"To ta yi magana da mutane mana. Mu ba mutane ba ne?"

Anti ta zauna ta yanka sababbin ƙofofi, sai aka wayi gari gam ya ɓace. Ta sayo wani, aka ce warinsa ne ke sa yarinya atishawa. Ta koma ɗinke ƙofofin da zare, aka ce kwalayen nan su ke tara kyankyasai a gidan, a mayar da su makaranta inda suka dace. Da yamma kuma, daidai lokacin tabarma, sai wankan Tilo ya taso, ko kitso, ko a tafi da ita kai ɗinki wani gida. Ba a taɓa ce wa Anti kada ta taɓa yarinyar ba. An dai shirya yini ne yadda babu inda za ta taɓa ta.

Anti ta kai kuka wurin Baban Tilo. Ya saurara yana sosa ƙeya, ya ce shi kullum yana kan hanya, kuma tsakanin ya da ƙanwa ba ya shiga, su daidaita. Ta kira innarsu a waya, Inna ta ce gidan yayarki ne, 'yarta ce, abin da ta ce shi za a yi, ke dai ki yi haƙuri. Kowa ya ba ta haƙuri. Babu wanda ya tuna cewa ba ita ce mai buƙatar a cece ta ba.

Daga ƙarshe ɗakin ne ya zama dalili. Ɗinki ya yi yawa, falo ya cika da yadi, baƙi ba sa samun wurin zama, ana buƙatar ɗakin jikin kicin. Wata malama abokiyar aikin Anti tana da wuri, ai zai fi mata sakewa. Ranar tafiyar Maman Tilo ta aika Tilo gidan maƙwabta tun da safe, wai don kada ta ga ana fitar da kaya hankalinta ya tashi. Anti ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta tana waige-waige, ta gane ba za a kawo yarinyar ba.

"Roƙona ɗaya, Yaya. In kika ga ta ƙwanƙwasa wani abu, ki tambaye ta wa ke ciki. Shi ke nan."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Maman Tilo.

Anti ta zo ziyara sau da yawa a farkon. Kullum sai ta tarar sun fita, ko yarinya tana barci ba a son a tashe ta. Ranar da ta same su, Tilo ta manne mata, da ta tafi yarinyar ta yini ba ta ci abinci ba, sai aka ce to ga shi nan, zuwan ne ke tayar mata da hankali, a ɗan yi nisa tukuna. Zango na gaba aka mayar da Anti wani reshen makarantar a can ɗaya gefen gari, nisan ya yi kansa.

Yanzu Tilo ta uwarta ce ita kaɗai, babu mai raba su. Maman Tilo ta shiga kanti ta sayo littattafai masu sheƙi, har da wanda in an danna yake kukan dabbobi da kansa. Ta zaunar da yarinya ta danna, saniya ta yi kuka, ta ce ce saniya. Ta kunna mata waƙoƙin yara a waya. Tilo tana kallo, bakinta a rufe.

Kalmomin ba su tafi rana ɗaya ba. Kifi ne ya fara ɓacewa, sai tsoho, sai mota. Akuya ta fi daɗewa, wani lokaci takan faɗe ta ita kaɗai a ƙarƙashin tebur, ƙasa-ƙasa, sannan ita ma ta tafi. Abin da ya rage shi ne ƙwanƙwasa. Ta ƙwanƙwasa firji ta tsaya. Ta ƙwanƙwasa kabad, ta ƙwanƙwasa murfin tukunya, ta ƙwanƙwasa akwatin keke, ta karkata kai tana jiran tambaya. Uwar tana ji, ta kuma san tambayar, kalma uku ce kacal. Amma tambayar Anti ce, in ta fito daga bakinta kamar ta amsa laifi ne. Sai ta ce, "Bar buga mini kaya, kina sa mini ciwon kai."

Kullum kuma, daidai lokacin da yaran layin ke dawowa daga makaranta da hayaniyarsu, Tilo takan je ƙofar ɗakin jikin kicin ta ƙwanƙwasa. Uwar, da ta mayar da ɗinkinta can, tana ciki a kan keke, takan ɗaga murya ta ce, "Ba ta nan, je ki yi wasa."

Yarinyar ta koma fitsarin kwance. Ta rame, wuyan rigunanta ya yi mata yawa. Masu kawo ɗinki suka dawo da tausayinsu da sunayen magunguna, Maman Tilo kuwa tana da amsa ga kowa. Ta ce wa wannan haƙori ne. Ta ce wa waccan bakin mutane ne, an yi ta yabon yarinya har aka kama ta. Mijinta kuwa ta ce masa dama can ba magana take yi ba, haddar kwali ce aka ɗora mata, ga shi ta zube. Shi kuwa ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗauki makullin mota.

Wata rana da hantsi Maman Tilo ta fito neman wani ƙyalle, ta tarar an zazzage buhun ƙyallaye a bayan kujera. Tilo tana zaune a tsakiya. Ta tsince ƙofofin nan kaf, ja da kore da shuɗi, ta jera su a kan siminti. Uwar ta tsaya tana kallo. Yarinyar ta ƙwanƙwasa ta farko, ta jira, ta ɗaga. Siminti. Ta mayar, ta matsa ga ta biyu, ta ƙwanƙwasa, ta jira, ta ɗaga. Haka ta bi su duka, ba gaggawa, ba kuka, sannan ta koma ta farko.

Maman Tilo ta koma ɗaki ta zauna a gaban keke, ƙafarta ta ƙi taka shi. Duk dalilan da ta tara, tari da kyankyasai da haƙori da bakin mutane, ta neme su ta rasa ko ɗaya. Ta ɗauki waya ta nemo lambar ƙanwarta, ta daɗe tana kallo, ta ajiye. Ko a lokacin, da zuciyarta ke tafasa da nadama, ba ta so a ce Anti ce ta gyara. Ita za ta gyara. Ba kwali aka ce ta shiga ba? To ga ɗaki guda, ga ƙofa ta gaske.

Da ta jiyo hayaniyar 'yan makaranta a layi, ta tashi ta tura ƙofar ta rufe. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta jawo kujera ta zauna daidai inda za a gan ta da an buɗe. Ta ji 'yan ƙafafu sun taho sun tsaya. Aka ƙwanƙwasa.

Da ƙyar ta tattaro murya ta ce, "Wa ke ciki?"

Sai hannun ƙofar ya motsa, ya kuɓuce, ya sake motsawa, don sai yarinyar ta yi ɗage take kai wa gare shi. Ƙofar ta buɗe. Tilo tana tsaye, idanunta a buɗe tar, fuskarta da wani haske da uwar ta manta tana da shi.

Kalmar tana kan harshen Maman Tilo, ce Umma, ce mana. Ta cije leɓe ta haɗiye ta. Ta naɗe hannu a cinya yadda ta ga ana yi. Karo na farko a rayuwarta ta jira 'yarta.

Tilo ta dube ta. Ta dubi bayan kujera, ta dubi kusurwar da katifar Anti take a da, inda yanzu aka jibge yadi, ta dubi bayan ƙofa. Ta dawo da idonta kan matar da ke zaune, ta daɗe tana kallo, hasken nan yana ja da baya. Leɓunanta suka motsa. Ta ɗaga kafaɗa, ta faɗa a fili, tsaf, ba ko gargada.

"Ba kowa."

Ta ja ƙofar a hankali ta rufe.

Babu wanda ya taɓa dukan yarinyar nan. Ba a hana ta abinci ba, ba a bar ta da tsumma ba, rigunanta ma sun fi na kowane yaro a layin kyau. Maƙwabta ba su taɓa jiyo ihu ta katanga ba, saboda haka babu wanda zai ce an yi zalunci a gidan, kuma in ka tambayi uban da kakar za su rantse ba su ga komai ba. Almakashi ne kawai da 'yan dalilai, da manya uku da kowannensu ya ga ya fi sauƙi a bar ƙaramar ta biya. Uwa ta so a kira ta da suna, ta kasa jure a ce wani ne ya koyar, sai ta rufe bakin gaba ɗaya.

Maman Tilo tana nan zaune a kan kujerar, hannu a naɗe, tana jira a sake ƙwanƙwasawa. Yanzu kam ta iya jira. Daga ranar Tilo ba ta ƙara zuwa ƙofar ba.